Ɗan Takara, Ɗan Takari

Ranar da Sajida ta fara ganin Zaharadden, tukunyar miya ce a hannunta, kuma saura ƙiris ta juye masa ita a kan farar shaddarsa.

A matakalar wani tsohon bene ne a unguwar Sa'alaba, can kudancin Jidda. Tana hawa zuwa ɗakin da ke saman rufi, sai ta yi kiciɓis da maza biyu a kwana suna haki, sun rasa ƙofar da za su buga.

"Bismillah! Ya akhi, ba ku iya sallama ba ne?" ta faɗa tana ja da baya.

Gajeren cikinsu, Jabiru, shi ya yi saurin magana. "Yi haƙuri, 'yan mata. Ɗakin Hajiya Rabi'a muke nema. Wannan ɗanta ne, Zaharadden. Ɗan takara ne."

To, ita Sajida a Jidda aka haife ta, a Jidda aka haifi mahaifinta. Kakanta ne ya zo aikin hajji bai koma ba. Hausarta ta cikin gida ce, rabinta Larabci, kalmar takara kuwa ba ta taɓa gilmawa ta kunnenta ba. Wadda ta sani ita ce takari, sunan da ake kiran mutanen ƙasar Hausa da suka zo ibada suka zauna.

"To sai me? Kowa a benen nan ɗan takari ne," in ji ta. "Yalla, ku biyo ni."

Jabiru ya yi dariya har da riƙe bango. Zaharadden kuwa murmushi kawai ya yi, idonsa na kan yarinyar da ke hawa a gabansu tana mita da Larabci.

Tun yana firamare rabonsa da mahaifiyarsa. Bayan rasuwar babansa ta zo umara ta zauna, ta yi wankau a gidajen Larabawa, da ƙarfi ya ragu ta koma sayar da kunu da gyaɗa a ƙofar masallaci. Duk karatun da ya yi daga robar kunun nan ya fito. Ba ta da iƙama, wato takardar zama, don haka kullum a ɗar-ɗar take da 'yan jawazat masu kamen baƙi. Yanzu ciwon suga ya kumbura mata ƙafafu, Sajida ce ke hawo mata abinci safe da yamma.

Zaharadden ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa. Inna Rabi'a ta daɗe tana kallonsa. Sai ta miƙa hannu ta gyara masa hular da ta karkace.

"Gemu ya fito, amma har yanzu ba ka iya sa hula ba," ta ce. Daga nan ne kuka ya ƙwace mata.

Sajida ta ajiye tukunyar ta fita bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi. A nan Jabiru ya warware mata kalmar. Takara neman kujera ce. Zaharadden yana neman kujerar majalisar wakilai ta mazaɓarsu, kuma wanda zai kara da shi Honarabul Ya'u ne, wanda ya yi zango biyar a kanta har kujerar ta san zamansa.

"Ammu Ya'u?" ta zaro ido. "Ai Abuya, babana, shi ke tuƙa shi duk Ramadan in ya zo umara."

Jabiru ya daina dariya.

Sati biyu Zaharadden ya yi a Jidda. Ya roƙi Inna ta miƙa kanta a mayar da ita gida, ta ce a'a, ƙafafun nan ba za su iya zaman gidan tarhil ba, inda ake tara waɗanda za a kora, kuma wa zai riƙa yi masa addu'a kusa da Ɗakin Allah? Ya haƙura. Amma Inna ba makauniya ba ce. Ta lura duk lokacin da aka ji takun Sajida a matakala, sai ɗanta ya gyara zama.

"Ka karɓi lambarta saboda ka riƙa jin lafiyata," ta ce masa, tana danne murmushi.

Jin lafiyar Inna kuwa aka yi ta yi, har ya wuce misali.

"Salam, Balarabiyata. Yau ƙauye uku muka zaga, muryata ta dishe. Inna ta ci abinci?"

"Ta ci, alhamdulillah. Kai fa, ya Ɗan Takari? Ka sha zuma da lemun tsami. Kuma a hoton jiya hularka ta karkace, Khala Rabi'a ta ce in gaya maka."

"Ɗan takara dai. Sau nawa zan gyara miki?"

"Na sani. Amma nawa ya fi daɗi a bakina."

Wata rana ya rubuto: "Sajida, in na ce ina son ki zo ki riƙa gyara min hular nan har ƙarshen rayuwata, me za ki ce?"

Ta karanta ya fi a ƙirga. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Can ta aika: "Hausata ba ta kai nan ba, ya ƙalbi. Ka tambayi Abuya."

Mahaifinta, Malam Othman, mutum ne mai sanyin magana, amma in ya ce a'a, to ta zauna. Da kawun Zaharadden ya kira shi a waya, ya saurara cikin mutunci, ya kashe, sannan ya kira 'yarsa.

"Ya binti, kin san abin da kike nema? A nan aka haife ki amma ba 'yar ƙasa ba ce ke. Ranar da kika fita da aure, iƙamarki ta mutu, halas. Ƙasar da ba ki taɓa gani ba za ki je, ko sauronta ba ki sani ba. Ga Nawaf ɗan ƙanwata, yana da jinsiyya, ɗan ƙasa ne cikakke, 'ya'yanki ba za su taɓa ɓuya don ganin motar jawazat ba."

"Abuya, ni dai shi nake so."

"Ɗan siyasa? Shekara da shekaru ina tuƙa su, na san su. A bayan motata suke kuka a hanyar Makka, kafin mu dawo Jidda sun fara shirya wanda za su yaudara. Kuma da wane ido zan kalli Alhaji Ya'u, in bai wa abokin hamayyarsa 'yata?"

Nawaf ba mugu ba ne, kada a zalunce shi. Yakan zo da kwalin alewar baƙalawa ya zauna a falo yana ba da labarin motarsa. Sajida takan kawo shayi ta gaishe shi ta koma ciki, zuciyarta na can wata ƙasa.

Ana cikin haka Honarabul Ya'u ya zo umara, don zaɓe ya matso kuma iskar Zaharadden ta fara kaɗa shi. A hanyar filin jirgi hira ta yi daɗi, Malam Othman ya ce, ba da wata manufa ba, "Ai mahaifiyar yaron a saman benenmu take, baiwar Allah. Da kunu ta yi masa karatu."

Honarabul ya ce, "Allah sarki."

Ba a yi kwana goma ba bidiyo ya cika wayoyi. Wata rana da ƙafa ta ɗan lafa, Inna ta lallaɓa ta fita da robar kununta, wani ya ɗauke ta daga nesa. Ga ta zaune a ƙasa, tana jan mayafi tana waige-waige irin na mai tsoron kamu. Aka ɗora wa hoton kiɗa da amshi: ɗan takari ne, ba ɗan takara ba. Yaran Honarabul suka riƙa bin kasuwanni da lasifika suna cewa wanda uwarsa ke ɓuya a ƙasar mutane, shi zai wakilci masu mutunci?

Saƙon Zaharadden da ya shigo wa Sajida ranar gajere ne.

"Mutum uku suka san inda Inna take zama. Ni, da Jabiru, da gidanku."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. "Ni kake nufi? Ni da nake wanke mata ƙafa?"

Ya karanta ya kife wayar.

Washegari aka gayyace shi gidan rediyo. Jabiru da sauran 'yan kwamitin kamfe suka tsare shi a mota: kada ya kuskura ya amsa, in ya amsa an gama da su, kuma in ya ambaci sunanta ai ya nuna wa 'yan kamu ƙofarta. Maganar ta biyu gaskiya ce, kuma ita ya riƙe. Amma tsakaninsa da Allah, akwai kunya a ciki, kuma ya san akwai.

A saman rufin Sa'alaba, Sajida ta kunna shirin a wayarta ta ajiye kusa da Inna, don duk hirar da zai yi sai Inna ta ji.

Mai gabatarwa ya tambaya, "Matar da ke cikin bidiyon nan, mahaifiyarka ce?"

Sannan muryarsa ta fito. "Wannan matar wata baiwar Allah ce da aka ci zarafinta. Ba na son a sa ta cikin siyasa."

Wannan matar. Sajida ta kashe wayar da sauri, amma ina, magana ta riga ta fita.

Inna ta gyara zaninta a kan gwiwa. "Ya yi daidai," ta ce. "Yaro mai hankali. Ya yi daidai." Ta juya fuskarta bango. Abincin ranar haka Sajida ta sauko da shi ba a taɓa ba.

Da la'asar ta rubuta masa:

"Ka zarge ni, na yafe. Amma yau ka kira Khala wannan matar. Ni ma takari ce, Abuya takari ne, kakana takari ne. In an tambaye ka ni gobe, wace baiwar Allah za ka ce? Halas, ya Zaharadden. Kada ka ƙara rubuto min."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuto cewa tsoron kamu ne ya sa, ta karanta ta share. Malam Othman ya ce, "Ba na gaya miki ba?" amma bai faɗa da ƙarfi ba, don tun ranar da ya ga bidiyon barcinsa ya ragu. Aka fara maganar ranar da iyayen Nawaf za su zo. Sajida ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai ramewa.

Shi ma ɗan takarar ba lafiya yake ba. Yana hawa mumbari yana maganar rijiyoyin da suka ƙafe da asibitin da ba likita, jama'a na tafi, shi kuwa bakinsa ɗaci. In ya kira Inna, sai ta ce lafiya lau, Allah ya ba da nasara, ta miƙa wa maƙwabciya wayar. Ba ta ƙara yi masa zancen hula ba.

Ciwon ya ci ƙarfinta. Wani likita ɗan unguwa da ke duba marasa takarda a ɓoye ya zo, ya fita yana girgiza kai. Zaɓe saura kwana kaɗan, Sajida ta karya rantsuwarta ta aika masa saƙon murya, Hausa da Larabci duk sun cakuɗe mata.

"Ba don kai na kira ba. Khala ta'abana, jikinta ya yi nauyi ƙwarai. Ba ta cewa komai, amma wallah na san abin da ke cinta. In kana da magana da ita, ka yi yanzu."

Saƙon ya same shi a mota, a hanyar gangamin ƙarshe a filin ƙwallon garinsu. Ya saurara sau biyu. Ya ce wa Jabiru a nema masa biza ko ta halin ƙaƙa. Jabiru ya ce biza sai bayan zaɓe, ya yi haƙuri. Ya rubuta wa Sajida layi ɗaya: "Ki kunna mata gangamin, ana nuna shi kai tsaye a waya, don girman Allah."

Filin ya cika maƙil. Aka miƙa masa makirfo, ya ajiye takardar jawabin da aka rubuta masa.

"Jama'a, an tambaye ni wata tambaya a rediyo, na ba da amsar matsorata. Yau zan gyara. Matar da kuka gani zaune a ƙasa da robar kunu, sunanta Rabi'atu. Ita ta haife ni. Duk harafin da na iya, kununta ne. Sun ce ni ɗan takari ne. Wallahi sun yi gaskiya, ni ɗan takari ne, kuma ban taɓa samun sarautar da ta kai wannan ba. Inna, in kina ji na, ki yafe min."

Jabiru ya dafe kai. Can daga ɓangaren mata wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa tana kuka, wata ta karɓa, don a garin nan gidaje nawa ne ake cin tuwo da gumin 'yan takari? Wasu kuma, masu manyan riguna a layin gaba, suka tashi suka kaɗe rigunansu suka tafi.

Yana saukowa daga mumbari wayarsa ta yi ƙara. Malam Othman ne.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya waladi, sai haƙuri. Hajiya ta cika."

Bai tambayi ƙarfe nawa ba. Ya ji tsoron amsar. In ta cika kafin ya buɗe baki fa? In da wannan matar ta tafi a kunnenta fa?

Binne wanda ba shi da iƙama ba ƙaramin aiki ba ne. Malam Othman ne ya yi ta zirga-zirga daga ofis zuwa ofis, ya sa sunansa da takardunsa ya tsaya mata, har aka ba da gawar aka yi mata sutura. Ranar zaɓe Zaharadden ya jefa ƙuri'arsa kamar wanda aka aika. Da aka sanar da sakamako, Honarabul Ya'u ya koma zango na shida, da tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Jabiru ya ce jawabin nan ne ya kayar da su, wasu suka ce shi ne ma ya kawo su kusa.

Sajida ta rubuto: "Allah ya jiƙan Khala. Akwai abin da zan gaya maka game da ranar."

Ya amsa: "Kada ki gaya min tukuna. Ba zan iya ɗauka ba."

Da biza ta fito, Malam Othman da kansa ya ɗauko shi a filin jirgi, bai zarce da shi ko'ina ba sai maƙabarta. Kaburburan ƙasar ba suna ba alama, duwatsu ne kawai a jere cikin rairayi. Dattijon ya bi layi a hankali ya tsaya.

"Nan ne. Ni na sa ta da hannuna."

Zaharadden ya durƙusa ya yi addu'a har rana ta fara cizo. Da ya miƙe, Malam Othman ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Bakina ne ya kai Alhaji Ya'u ƙofarta, ba 'yata ba. Ban yi da nufi ba, amma na yi. Na aika masa ya nemi wani direban." Ya numfasa. "Na ce 'yan siyasa duk ɗaya ne. Ban taɓa ganin wanda ya ajiye kujera ya ɗauki uwarsa ba sai kai. Nawaf na ba shi haƙuri. In har yanzu kana son Sajida, na ba ka. Ka riƙe min ita, don a can ita ce za ta zama baƙuwa."

"Baba, ni da na faɗi zaɓe? Ba ni da komai."

"Da ka ci, da sai na ƙara tunani," in ji dattijon.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka ɗaura auren a falon Malam Othman. Ba kiɗa ba taro, saboda makoki bai yi nisa ba. Dabino ne da gahawa, sai kunun gyaɗa da matan benen suka dama, suka ce ba za a yi auren ɗan Rabi'a babu kunu ba. Liman ya yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya jiƙan wadda ta haɗa. Aka shafa, maza da yawa suna share ido.

Da mutane suka ragu, aka ce ango ya hau ya ga amaryarsa. A ɗakin saman rufi ta ce za ta jira shi. An share ɗakin, an naɗe katifar, robar kunun na nan a kusurwa a wanke. Sajida na zaune cikin farin mayafi, lalle har gwiwar hannu, idanunta sun yi ja.

Ya zauna nesa kaɗan.

"Balarabiyata," ya ce a hankali, "na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba. Kuma zan raba ki da garinku."

"Na yafe tun tuni. Garin kuma, Khala ta bar nata saboda kai. Ni ma zan iya."

Ya sunkuyar da kai. "To gaya min yanzu. Ta ji?"

Sajida ta matso kusa da shi.

"Na riƙe mata wayar a gaban fuskarta. Idonta a rufe yake tun safe. Da ka ce sunanta Rabi'atu, sai ta buɗe. Ta kalle ka har ka gama. Da ka ce ta yafe maka, ta ce, yafiyar me, ɗan nan. Sai ta yi murmushi, wallah murmushi sosai, ta ce in ba ka saƙo. Bayan nan kalmar shahada ce kawai."

"Wane saƙo?"

Hawaye na zuba a fuskarta, amma dariya na neman ƙwace mata.

"Ta ce, ji shi a gaban jama'a. Ki ce masa ya gyara hularsa."

Zaharadden ya kifa fuskarsa cikin tafukansa ya yi kukan da bai yi ba a filin gangami, bai yi ba a maƙabarta. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Daga ƙasa ana jiyo matan benen suna guɗa, wata tsohuwa na ta sa albarka, Allah ya sa alheri, Allah ya kai su gida lafiya.

Da ya ɗago, hular ta zame har kan kunne. Sajida ta miƙa hannayenta masu lalle ta daidaita masa ita, ta ɗan danna gaban kamar yadda ta ga Inna ta yi ranar farko.

"Na isar da saƙo, ya Ɗan Takari," ta ce.

Wannan karon bai gyara mata kalmar ba.